"Ta Wane Ɗaki?": Yadda Na Bi Sawun Dangantakarmu da Malam Aminu Kano

(Rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda ba su samu saurare ba.)

Shirin yau ma na tarihi ne kamar kullum, sai dai tarihin yau ta cikin gidanmu ya biyo, kuma akwai tonon silili a ciki. Ku kwantar da hankalinku, asirin kaina zan tona, ba na wani ba.

Tun ina yaro nake jin wata magana a gidanmu: wai mu dangin Malam Aminu Kano ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya warware mini zaren. Magana ce da take fitowa a gidan biki, ko in an nuno hoton Malam a talabijin, sai wata goggo ta ce, "Ai surukinmu ne, yayar Hajiya a gidansu ta yi aure." Hajiya ita ce kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta. Da na shiga jami'a na tsunduma harkar ƙungiyoyin ɗalibai, sai maganar ta zama mini jari. Ban taɓa hawa mimbari na ce ni jikansa ne ba, amma in hira ta yi daɗi nakan jefa ta, "ai muna da 'yar alaƙa da gidan." Abokai suka ɗauka suka ƙara mata gishiri.

Gab da zaɓen 2023 aka gayyace ni wani taron wayar da kan matasa game da katin zaɓe. Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce, "Yanzu ga jikan Malam Aminu Kano, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!" Wuri ya ɗauki tafi. To wallahi a wannan lokacin ina da damar in ce a'a, a gyara. Ban gyara ba. Tafin ya yi mini daɗi. Na yi jawabina na sauko.

Bayan an tashi, wani dattijo da jar hula ya riƙo hannuna. Ya ce shi tun yana saurayi yake bin Malam, da shi aka yi PRP. Ya dube ni da fara'a ya ce, "Yaro, Allah Ya yi albarka. Ta wane ɗaki ka fito a gidan?" Na fara kame-kame: "Baba, wato... ta wajen yayar kakata ne, aure ne ya haɗa." Ya ce, "Wa ta aura?" Na yi shiru. Bai ce mini komai ba, ya dai saki hannuna a hankali ya ce, "To, a bincika." Wannan "a bincika" ta fi mini zafi a kan zagi. Shi ya sa na bincika, kuma abin da na samo shi na kawo muku yau.

Bari mu fara da tambayar farko: me ya sa Bahaushe yake ɗaukar dangantakar aure da muhimmanci har haka?

Ku duba labarin da muke bayarwa na asalinmu ma. Bayajidda baƙo ne. A yadda labarin ya zo, ya sauka Borno ya auri 'yar Mai, ya taho yamma ya bar ta a Garun Gabas, ya biya Gaya maƙera suka yi masa wuƙa, ya iso Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Sarauniya Daurama. Masana tarihi suna ta muhawara a kan ko mutum ne guda ko kuwa labarin zuwan wasu al'ummu ne aka dunƙule a jikin mutum ɗaya. Wannan muhawarar tasu ce. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka gina labarin: baƙon bai ci Daura da yaƙi ba, da aure ya shiga gidan sarauta. Wato tun a tatsuniyar kafuwarmu, surukuta ce ƙofar shiga.

A addini ma haka abin yake. Aya ta 54 a Suratul Furƙan ta ambaci nasaba da surukuta a jere, a matsayin hanyoyi biyu da Allah Ya haɗa mutane da su. Halifofi huɗu na farko duk surukan Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: ya auri 'yar Sayyidina Abubakar da 'yar Sayyidina Umar, ya aurar wa Sayyidina Usman 'ya'yansa biyu ɗaya bayan ɗaya, ya aurar wa Sayyidina Ali Nana Faɗima. Amma fa shari'a ta ja layi. Surukuta tana haramta wasu aure har abada, kamar uwar matarka ko matar ɗanka. Gado kuwa tsakanin miji da mata ya tsaya, ba ya tsallakawa ga danginsu. Ƙanin matarka ba ya gadonka don yana ƙanin matarka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu mu shiga ƙarni na 19, inda aure ya zama igiyar da ta ɗaure daular Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, Giɗaɗo ɗan Laima ta aura, aminin Muhammadu Bello kuma wazirinsa. Daga wannan gidan waziran Sakkwato suka riƙa fitowa, har zuwa kan Waziri Junaidu, babban malamin tarihin nan da ya rasu a 1997. Kun ga aure ɗaya ya haifar da gidan mulki da ilimi na fiye da shekara ɗari da hamsin. Uwargidan Sardauna Ahmadu Bello ma, Hafsatu, wadda aka kashe su tare a daren 15 ga Janairun 1966, 'yar wannan gida ce na Waziri.

Ƙanwar Asma'u, Maryam, ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Bayan rasuwarsa ta koma Sakkwato, amma maganarta ba ta daina nauyi a kan al'amuran Kano ba. Ita ce kuma ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru, tsarin karantar da mata da yayarta ta kafa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Basasar Kano. Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fice daga birni ƙarƙashin Yusufu, suka kafa sansani a Takai. Ana cikin yaƙi Yusufu ya rasu. To, 'ya'yan Maje Karofi suna da yawa, akwai waɗanda suka girmi Alu. Me ya sa shi aka ɗora? Ɗaya daga cikin manyan dalilan da masana suke kawowa shi ne mahaifiyarsa. Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Mutanen da suka yi wa Sakkwato tawaye suna buƙatar shugaban da Sakkwato za ta ji nauyin ƙi, sai suka ɗauko jikan gidan. Alu ya shiga Kano a 1894, Tukur ya rasu a 1895, daga baya Sakkwato ta haƙura ta karɓi abin da ya faru. Alu ya yi mulki har Turawa suka ci Kano a 1903, aka kai shi Yola, daga nan Lokoja, inda ya rasu a 1926. Auren da aka ɗaura shekaru da dama kafin yaƙin shi ya taimaka wajen yanke wanda zai hau gadon Dabo.

Ba sarakuna kaɗai ba. Fatake ma da aure suke kafa masauki a kan hanyar Gwanja, malamai kuma suna aurar da 'ya'yansu ga manyan almajiransu. Ko a yau, in aka ce Aliko Dangote jinin Alhassan Ɗantata ne, ta wajen uwa ake nufi: mahaifiyarsa 'yar Sanusi Ɗantata ce. Don haka mutumin da ya ce maka "surukanmu ne", ba maganar banza yake yi ba. A ƙasar da babu banki babu inshora, wannan kalma ita ce masauki in ka yi tafiya, ita ce mai tsaya maka a gaban alƙali, ita ce bashin hatsi in damina ta ƙi.

Tambaya ta biyu: to shin abu ne mai wuya mutum ya haɗa surukuta da wani shahararre? Na zauna na yi lissafi, kuma lissafin ya ɗan sage mini gwiwa.

Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. In ka koma baya hawa goma, wato kamar shekara ɗari uku, gurabe 1,024 ne. Hawa ashirin ya haura miliyan ɗaya. Wannan na jini ne kawai. Yanzu ƙara aure a kai. Mu ɗauki misali, ba ƙididdiga ba ce, misali ne kawai: a ce kowane ɗaya daga kakanninka huɗu yana da 'yan'uwa biyar, mutum 20 ke nan. A ce kowannensu ya yi aure sau biyu a rayuwarsa, gidajen surukai 40 ke nan. Kuma sau biyun nan ban yi zuƙu ba. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ya san aure huɗu ta yi, kuma a zamaninta ba abin mamaki ba ne. To in kowane gida cikin 40 ɗin nan shi ma yana da nasa 40, taki biyu kacal ka taɓa gidaje 1,600.

Sai ku haɗa da girman birnin a da. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya kiyasta mazaunanta da kimanin 30,000, ban da baƙin da suke cika ta lokacin fatauci. In ka raba su goma-goma, gidaje dubu uku ne. Kun ga ke nan duk wanda danginsa suka taɓa aure a cikin badala, abu ne mai wuya a rasa wani zare da zai kai shi gidan sarki, ko gidan alƙali, ko gidan attajiri. Zare ɗaya ɗin nan kuma zai kai shi gidan mahauci, da gidan wanzami, da gidan bawa, da gidan wanda aka taɓa kamawa da sata. Amma ba wanda yake tsayawa a gidan biki ya ce "ai ɓarawon nan na Kurmi surukinmu ne." Zaɓe muke yi a cikin dangi, kamar yadda ake zaɓen tumatir a kasuwa.

Da wannan a raina na fara da ɓangaren Malam, don shi nasa a rubuce yake. An haife shi ranar 9 ga Agustan 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne mai aiki a kotun alƙali, daga Gyanawa, zuriyar Fulanin da aka sani da ilimin shari'a da alƙalanci. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci inda suka haɗu da Sa'adu Zungur, ya je Landan ƙaro ilimi a 1946, ya dawo ya riƙe makarantar horon malamai ta Maru, sannan ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasa. Na karanta littafin da Alan Feinstein ya rubuta a kan rayuwarsa. Na je gidan Mambayya a Gwammaja, wanda yanzu cibiya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, na ga ɗakinsa da 'yan kayansa, na yi masa addu'a a kabarinsa. Na ƙaru ƙwarai. Amma sunan yayar kakata ba ya cikin littafi, kuma da ma bai kamata in sa ran ganinsa ba.

Ga dalili. Salsalar da muke rubutawa ta maza ce: wane ɗan wane ɗan wane. Mace tana shiga ne kawai in 'yar babban gida ce irin su Saudatu. Aure kuma a wancan zamani babu takarda: waliyyai, shaidu, sadaki, goro, fatiha, shi ke nan. In shaidun suka mutu, rajistar ta mutu. Wurin da tarihin aure yake zaune shi ne ƙwaƙwalwar tsofaffin mata. Su suka san wa ta auri wa, wace ce kishiyar wace, su wa suka yi facalanci, wane ne agola a gidan da ake zaton ɗan gida ne.

A danginmu mutum ɗaya ta rage a wannan sahu, autar su Hajiya, muna ce mata Iya. Na sayi goro da turare na tafi ƙauye. Tana ganina ta ce, "A'a, yau maigidan nawa ne da kansa? Ko cefanen shekara ka kawo?" Na ce, "Iya, ai ke ce kika ƙi tarewa." Muka yi dariya, aka kawo fura. Da na kawo maganar, sai ta gyara zama ta ce ai ba wanda ya fi ta sani, don ita aka kai 'yar zaman ɗaki lokacin da aka kai Yaya birni.

Na ce wace shekara ce? Ta ce ita ba ta san shekara ba, amma suna gidan aka yi ta hidimar zuwan Sarauniyar Ingila, zamanin Sarki Sanusi. Wannan ya ba ni 1956. Na ce wace unguwa? Ta ce Sudawa. Gabana ya faɗi, na ce to ga shi nan, magana ta tabbata. Na ce, "Iya, wa ta aura?" Ta ce, "Ƙanin Malam."

Na ce, "Malam Aminu?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Kai ɗan nan, wane Aminu? Malam dai, mai gidan, wan mijinta. Mai almajirai a zaure." Na ce mene ne sunansa? Ta ce ita ba ta taɓa jin an faɗa ba. Yaya ba ta faɗar sunan miji, balle na wan miji. Matan gidan duk Malam suke cewa. Yara ma Malam. Shekara uku ta yi a gidan, ba ta san sunan mai gidan ba, don kunya ba ta bari a faɗa.

Jama'a, a nan na gane yadda aka yi. A 1956, in an ce "Yaya tana gidan Malam a Sudawa," kowa a danginmu ya san wane Malam ake nufi: wani malamin zaure, Allah Ya jiƙansa. Shekara ashirin da wani abu bayan nan, zamanin PRP, kalmar "Malam" ita kaɗai ba tare da suna ba ta koma ta mutum ɗaya a ƙasar Kano. Yaran da suka taso a lokacin suka ji "gidan Malam", suka ji "Sudawa", suka haɗa biyu da biyu. Ba wanda ya zauna ya shirya ƙarya. Kunya ta ɓoye suna, zamani ya cike gurbin da sunan da ya fi kowanne amo. Kama da wane ba ta wane.

Ban saki ba dai. Na ce, "To Iya, shi wannan Malamin ba danginsu ba ne?" Ta ce ta ji ana cewa gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma a unguwar in ana biki ko suna kowa yana shiga gidan kowa, ana kiran juna 'yan'uwa. Ko na jini ne ko na maƙwabtaka, ita yarinya ce, ba ta tantance ba. Auren kuma damina uku ya yi. An haifi ɗa namiji, ƙyanda ta ɗauke shi, zama ya ƙi daɗi, aka rabu. Yaya ta sake aure a wani gari, can ta yi zuriya, can ta rasu.

To ga iyakar abin da zan iya faɗa da gaskiya: yayar kakata ta yi zaman aure na shekara uku a unguwar da aka haifi Malam Aminu, a gidan da wataƙila yana da alaƙa da nasu, wataƙila kuma babu. Ko da akwai, igiyar ta tsinke tun kafin a haifi mahaifiyata. Ko a shari'a, ko a al'ada, wannan bai mai da ni jikan kowa ba.

Ina shirin tashi jikina a sanyaye, sai Iya ta ce, "Wai kai me ya dame ka da Aminu ne? Ai saboda shi aka kusa hana kakanka auren Hajiya."

Na koma na zauna.

Ta ce kakana tela ne a kasuwar garin, kuma ɗan NEPU ne na a-mutu. Yana maƙala alamar tauraro a rigarsa. A rumfarsa ake taruwa ana karanta jarida da ƙarfi don waɗanda ba su iya karatu ba. An taɓa kama shi da wasu mutum huɗu a kan sun yi taro ba izini, ya yi wata uku a tsare, ya fito kekensa na ɗinki ma an yi gaba da shi. Da ya aiko neman auren Hajiya, mahaifinsu ya ce shi ba zai ba ɗan NEPU 'yarsa ba, mutanen da ba sa faɗuwa gaban manya, marasa kunya, masu ja wa mutum fushin hakimi. Sai da wani kawunsu ya sa baki, aka yi wata da watanni, sannan aka ɗaura. Ta ce ranar ɗaurin auren ma akwai waɗanda suka ƙi zuwa don kada a gan su.

Kun ji fa. Gidan da yau yake alfahari da cewa Malam surukinsa ne, shi ne gidan da ya kusa ƙin surukuta da talaka saboda yana bin Malam. Kuma ni, da nake yawo da dangantakar aro, ban taɓa jin wannan labarin ba, don kakana ya rasu ina goye, kuma tela ba ya cikin mutanen da ake ambato a gidan biki.

Abin da ya sami kakana ba shi kaɗai ya sama ba, tarihin NEPU cike yake da irinsa. An kafa jam'iyyar a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, mutum takwas suka fara ta, cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Magaji Dambatta, da Mudi Sipikin, da Bello Ijumu wanda mutumin ƙasar Kabba ne. Ba jini ne ya haɗa su ba. Malam Aminu ya zama shugabanta a 1953. Waɗanda suka riƙe ta a garuruwa da ƙauyuka su ne teloli, da mahauta, da 'yan koli, da ƙananan malamai, da manoma, kuma su suka sha ɗauri da bulala da tara a kotunan En'e. Gambo Sawaba a Zariya ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ga kuma abin da ya fi ba ni kunya. Sanarwar Sawaba, takardar da ta bayyana aƙidar NEPU, ta ɗora alhakin lalacewar al'amuran Arewa ne a kan mulkin 'yan gida ɗaya da ya mamaye hukumomin En'e, inda muƙami yake zagayawa tsakanin dangi da surukai, talaka yana kallo. Wato ainihin abin da Malam ya yi rayuwarsa yana yaƙa shi ne a tambayi mutum "ɗan gidan wa ne" kafin a saurare shi. Shi da ya fito daga gidan malamai da alƙalai, da ya so cin gajiyar sunan gida da ya ci. Ya bar wannan ya koma cikin talakawa. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, abin da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi shi ne soke haraji da jangali, kuɗin da aka daɗe ana wulaƙanta talaka a kansu. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983 a wannan gida na Gwammaja da na je na gani, gidan da ba ya nuna mai shi ya taɓa riƙe kwamishinan tarayya a zamanin Gowon. Sai ga ni, shekara arba'in bayan rasuwarsa, ina amfani da sunansa in yi abin da ya hana: in sa a saurare ni saboda gida.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu matasan da muke kiran kanmu 'yan gwagwarmaya, ciwon nan yana jikinmu. Muna zagin siyasar 'ya'yan wane da surukan wane, muna rubutu a Facebook a kan yadda manya suke aurar da 'ya'yansu a junansu suna raba muƙamai a ɗakin taron biki. Amma in aka zo zaɓen shugaban ƙungiyarmu ta unguwa, sai ka ji ana raɗa, "ku ba wane, kawunsa yana sama, zai buɗe mana ƙofa." In dai da wannan ma'auni za mu auna juna, to mun gaji En'e, ba mu gaji NEPU ba.

Ban ce a yar da zumunci ba, Allah Ya kiyaye. Neman sanin dangi ibada ne, kuma zumunta a ƙafa take. Wanda yake da alaƙa ta gaskiya da babban gida, Allah Ya sanya albarka, ya riƙe ta da mutunci. Abin da nake cewa shi ne a bincika kafin a faɗa, kamar yadda dattijon nan ya ce mini. In za ku bincika, ga abin da na koya. Ku fara da tsofaffin mata, kuma ku yi sauri, don kullum raguwa suke. Kada ku tambaye su shekara, ku tambaye su abin da ya faru a lokacin: wane sarki ne a kan gado, an yi yunwa, an yi fari, an canza kuɗi, an yi yaƙin Biyafara? In suka ce "Malam" ko "Alhaji" ko "Maigari", ku tsaya ku tambaya wanne, don a nan ni na faɗa rami. Ku tambayi sana'ar mutum da unguwarsa, sun fi laƙabi tabbas. Ku ɗauki muryarsu a waya da izininsu. Sannan kada ku tafi da sunan da kuke so a tabbatar muku. Ku ce kawai, "Iya, ba ni labarin gidanmu," ku yi shiru. Ni da tambaya ɗaya na je, kuma da Iya ba ta yi subutar baki ba, da na dawo ban san kakana ba.

Dattijon nan mai jar hula ban sake ganinsa ba, ban ma san sunansa ba. In akwai wanda ya san shi cikin masu saurare, ko wanda ya halarci wancan taro, to ga gyaran da ya kamata in yi tun ranar: ni ba jikan Malam Aminu Kano ba ne. Ban fito ta kowane ɗaki a gidan ba. Jikan wani tela ne ni, ɗan NEPU, wanda ya yi wata uku a tsare ya rasa kekensa. Mahaifiyata ta ce akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe tasa a gidan kawuna da ba a buɗe ba tun rasuwarsa, kuma na roƙi a bar ni in duba. In na samu wani abu a ciki, za ku ji.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya jiƙan kakana da Hajiya da Yaya, da malamin zauren nan na Sudawa da ba mu san sunansa ba. Allah Ya ƙara wa Iya lafiya. Wanda yake da irin wannan labari a gidansu, ya je ya tambaya tukuna, sannan ya aiko mana abin da ya samo, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.